Fadamar Rima: Gadon da Ake Ci Ba a Tsaronsa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a watan Janairu, zai ga ƙasa iri biyu cikin tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. A kan tudu ƙasa ta bushe ta yi ja, ciyawa ta ƙone, iskar hunturu sai kwasar ƙura take yi. Da an gangaro Kwalkwalawa kuwa sai ido ya huta: fangali bayan fangali na albasa da tattasai da tumatir, ga alkama, ga shinkafar rani, ga rake a gefen gulbi. Ƙarar injinan ban-ruwa ba ta yankewa tun hantsi, jakuna da a-kori-kura kuma suna ta hawa tudu da kaya zuwa kasuwar Ramin Kura.

Wannan koren kwari shi ne fadamar Rima, kuma a 'yan shekarun nan kuka a kanta ya yawaita. Bana ambaliya ta shanye shinkafa, baɗi gulbi ya janye tun albasa ba ta ƙosa ba. Manomi na kukan tsadar mai da taki, magidanci a cikin gari na kukan tsadar kayan miya, gine-gine kuwa suna ta gangarowa daga tudu suna cin gonaki. Kowa na kallon ɓangaren da ya shafe shi kaɗai. Maganar da nake son kafawa a nan ɗaya ce: fadamar nan gado ce kamar yadda Hubbare da ganuwar Surame suke gado, sai dai ita da ita ake cika tukunya kullum, kuma ba za ta ɗore ba sai an tsare mata abubuwa uku a lokaci guda, wato ruwanta, da iyakarta, da sunan amfanin da take bayarwa.

Tudu da gulbi suka haifi birnin

Ba a banza Muhammadu Bello ya zaɓi wannan wuri a shekarar 1809 ba. Sakkwato tana bisa tudun marmara da ke leƙen mahaɗar gulabe biyu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajejen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Talatar Mafara. Rima kuwa ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi kafin ya iso. Tudun ya ba da tsaro da wurin zama wanda ruwa ba ya ci, kwarin kuma ya ba da abinci. A ƙasar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan dukansa a cikin wata huɗu yake sauka, inda zafin bazara ke haura digiri 40, geron damina kaɗai ba zai riƙe birnin da ya cika da malamai da almajirai da mayaƙa da fatake ba. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma wannan kwari ne ya ɗauki nauyin manyan dauloli: Alƙalawa ta Gobir a bakin Rima take, Kabawan Kanta kuma da shinkafa da kifin wannan gulbi suka yi ƙarfi.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Sarkin Musulmi Bello ya shafe shekara ashirin yana kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno da Rabah da Kware a gefen kwarin, yana zaunar da makiyaya, yana ƙarfafa noma da sana'a. Ruwayoyin baka suna danganta masa yaɗa noman rake da ban-ruwa da jigo a wannan yanki. A Wurno ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake, yana kallon fadamar da ya raya. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zauna a Wurno ya kuma shiga Sakkwato a 1853, ya ba da labarin shinkafar da ake nomawa a kwarin. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa da gumin talakawa da na bayi aka yi mafi yawan wannan aiki, don haka gadon na jikokinsu ne duka. Shugabannin wancan zamani kuma ba su bar sha'anin ƙasa kara zube ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan hukuncin mallakar ƙasa, da raya wadda ta mutu, da hurumin gari da na rijiya, da makiyayar da shugaba ke keɓe wa jama'a. Ashe ke nan keɓe wata ƙasa a ce ba mai taɓa ta, don amfanin kowa, tsohuwar ƙa'ida ce a Sakkwato.

Ilimin da ambaliya ta koyar

Abin da ya sa fadama ta zama fadama shi ne ambaliyar da ke zuwa a kan lokacinta. Daga Yuli zuwa Satumba gulbi kan cika ya fantsama, ya shimfiɗa sabuwar laka a kan gonaki, ya cika tafkuna, ya kuma shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Manoman kwarin sun gina dukan tsarinsu a kan wannan zuwa da komawa. A wurare masu zurfi suna shuka jar shinkafar gargajiya, irin da aka fara nomawa a Afirka ta Yamma, wadda karanta ke ƙara tsawo gwargwadon hawan ruwa. Idan ruwa ya fara ja da baya sai a bi danshi da dankali da rogo da wake. Da rani ya kama sai a koma ga 'yan rijiyoyi marasa zurfi da jigo, a shayar da albasa da tafarnuwa. Manomi ya san kowane taƙi na gonarsa: inda ruwa ke daɗewa, inda yake saurin tsanewa, inda laka ce zalla, inda ta gauraya da yashi.

Ƙasa ɗaya kuma mutum uku ke cin moriyarta bi da bi. Masunta na kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliya, ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa, wanda ke rufe tafki ya kuma buɗe shi ranar su, don kada a ƙarar da iri. Bayan girbi makiyayi ya shigo da shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki. Wannan karɓa-karɓa ita ce asalin abin da masana yau ke kira noma mai ɗorewa, kuma ba daga littafin kowa aka kwafo ta ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara da sigarsa ta yanzu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, reshe ne na wannan tsari. Duniya ta karrama bikin, amma gulbin da ya haife shi da ƙa'idojin rabon ruwansa ba su sami irin wannan kulawa a gida ba.

Abin da madatsun ruwa suka bayar, da abin da suka karɓe

Farin farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa, kuɗin man fetur kuma ya ba gwamnati ƙarfin manyan ayyuka. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ta Goronyo, wadda ta ninka ta girma, an gama gininta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Babu mai musun amfaninsu. Ruwan famfon Sakkwato da noman ranin dubban iyalai daga Goronyo zuwa Wurno har Argungu da Birnin Kebbi sun dogara da ruwan da ake saki daga Goronyo a watannin da a da gulbi kan zama yashi.

Sai dai an biya farashin da ba a rubuta a takardun kwangila ba. A Bakolori, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tayar da ƙayar baya kan diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayukan da har yau ake saɓani kan yawansu. A ƙasan madatsar kuma wata asarar ta biyo baya a hankali. Masanin labarin ƙasa William Adams, wanda ya yi bincike a kwarin Sakkwato a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa raguwar ambaliya ta tilasta wa manoma barin shinkafa su koma gero da dawa, noman rani ya ja baya a ƙauyuka da dama, kamun kifi ma ya faɗi. An ƙirga kadadar da za a shayar a saman madatsa, ba a ƙirga wadda za ta bushe a ƙasanta ba.

Goronyo ita ma ta nuna fuskokinta biyu. A watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki, ta raba mutum fiye da dubu ɗari da muhallansu, ta yanke hanyar jami'a. A farkon 2018 kuwa ruwan cikinta ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100, hukumomi suka danganta abin da ƙarancin ruwan sama da cikewar tafkin da yashi da laka. Tsakanin waɗannan shekaru biyu manomin fadama yake rayuwa: ruwan da kakansa ke iya lissafa zuwansa da kallon sama da gulbi, yanzu yana hannun mai buɗe ƙofa, wanda manomin bai san ranar da zai buɗe ba. Wannan kuwa abu ne mai gyaruwa. A arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logone, a 1994 an sake buɗe wa ruwa hanya da gangan, ciyawa da kifi suka fara dawowa. A kogin Senegal ma an sha sakin ambaliyar da aka tsara daga madatsar Manantali domin manoman ƙasa. Yashin da ke cike Goronyo kuwa daga tudun da aka sare wa itatuwa yake zuwa, maganinsa kuma yana nan kusa: a Keita ta Nijar, cikin duwatsun Adar, tun 1984 ake jera duwatsu a gangare ana tare zaizaya, manoman Maraɗi da Damagaram kuma sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gonakinsu.

Inji, magani da siminti

Bayan madatsun ruwa, sauyi na biyu ƙaramin inji ne ya kawo shi. Daga shekarun 1980, musamman bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993, rijiyar bututu da injin fetur suka maye gurbin jigo. Wanda a da ke shayar da 'yan fangali kaɗan da ƙarfin kafaɗa, yanzu yana shayar da kadada. Albasar Sakkwato da tafarnuwar Wurno da Goronyo suka cika motoci zuwa Legas da Onica da Fatakwal, matasa da yawa kuma suka sami abin yi a gida maimakon tafiya cin rani. Amma ruwan da bututu ke zuƙowa, ambaliya ce ke mayar da shi. Idan an rage ambaliya, aka kuma ninka zuƙa, wata rana lissafi zai ƙi fita. Janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya tura manoma da yawa ga injin gas da na hasken rana. Sauƙi ne babba, sai dai injin da ba ya shan kuɗin mai ba ya sa mai shi ya yi tattalin ruwa, don haka buƙatar ƙa'idar rabo ta ƙaru ne, ba ta ragu ba. Haka zancen yake ga takin zamani da maganin feshi: inda aka daina zuba takin gargajiya ƙasa na tauri, inda ake feshi ba awo kuma ragowar maganin gulbi take komawa, wanda daga shi ake kama kifi, daga shi kuma garin ke sha.

Barazanar da ba ta da gyara ita ce ta siminti. Gonar da ta gaji ana iya hutar da ita, rijiyar da ta ƙafe tana iya dawowa, amma fadamar da aka cike da marmara aka aza mata bulo ta tafi ke nan. Birnin na faɗaɗa, filin fadama da ke kusa da titi yana da araha idan an gwada da na tsakiyar gari, magada kuma sukan ga sayarwa ta fi musu rabon 'yar gonar da ba za ta ishi kowa ba. Asarar kashi biyu ce: an rasa ƙasar noma, an kuma toshe wa ruwa wurin shimfiɗa, sai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ikon shata iyaka yana nan, niyya ce ake jira.

Darasi daga tsibiran inabi

Akwai wasu al'ummomi da suka fuskanci irin wannan tambaya a ƙasar da ta fi tamu tsanani. Tsibirin Piko na ƙasar Fotugal yana tsakiyar tekun Atlantika, dutsen aman wuta mai tsawon mita 2,351 ne ya mamaye shi, gaɓarsa kuwa baƙin dutse ce. Tun ƙarni na 15 mutanensa ke tsinke duwatsun suna jera su ba siminti, suna yin dubban 'yan shingaye da ke kare kurangar inabi daga iska da gishirin teku. A tsakiyar ƙarni na 19 cututtukan shuka suka halaka gonakin, mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka, daji ya rufe shingayen. A 2004 UNESCO ta sa wannan fili na kusan kadada 1,000 cikin wuraren gado na duniya, gwamnatin yankin ta hana rushe shingayen, ta kuma riƙa biyan wanda ya sare daji ya raya tsohuwar gona. Cikin shekaru kaɗan filin da ake nomawa ya ninka sau da dama. A tsibirin Madera, shi ma na Fotugal, magudanan ruwa na fiye da kilomita 2,000 da aka sassaƙa a jikin tsaunuka suna kai ruwa gonakin da ke kan matakala, kowane manomi da sa'o'insa sanannu, akwai kuma ma'aikacin da aikinsa ke nan ya buɗe wa wannan ya rufe wa wancan. A tsibirin Fantelleriya na Italiya, salon dasa inabi a cikin rami don tsare danshi ya shiga jerin UNESCO a 2014.

Mai karatu na iya cewa yawancin wannan inabi giya ake yi da shi, giya kuwa haramun ce, to me ya haɗa Sakkwato da su? Haramcin giya ba abin tattaunawa ba ne, kuma ba ita ake kwaɗaita wa kowa ba. Abin dubawa shi ne yadda mutanen da ke da 'yar ƙasa kaɗan suka riƙe ta: sun shata mata iyaka da doka, sun raba ruwa da ƙa'idar da kowa ya sani, sun kuma ɗaure sunan amfaninsu da sunan ƙasarsu yadda ba mai iya ara. Inda ɗaya daga cikin ukun ya yi rauni, sauran ba sa isa. Tsibirin Santorini na Girka ya yi suna a duniya da kurangar da ake naɗewa kamar kwando a ƙasa, amma gonakinsa sun daɗe suna raguwa saboda gina masaukan 'yan yawon buɗe ido ya fi noma kawo kuɗi nan take.

Suna ma dukiya ne

Sakkwato ta taɓa yin asarar suna, kuma tarihin ya isa wa'azi. Ƙarnoni da dama fatar jar akuyar wannan ƙasa, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, tana tsallaka Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka fifita ta a kan sauran fatu. A can da sunan Maroko aka san ta, domin ta tashoshin can ta bi. Makiyayi da majemi suka yi wahala, wani ya kwashi suna da ribar da ke tare da shi. Yau albasa na bin wannan sawu. Da ta isa kasuwannin kudu ko na ƙetare, ta zama albasar Arewa kawai, babu abin da ke bambanta wadda aka noma da tsabta aka busar da kyau da wadda aka tumbuke ɗanya. Manomin da ya kyautata aiki ba ya samun ko sisi a kan kyautatawarsa, don haka ba abin da zai sa ya ci gaba.

Maƙwabtanmu sun riga mu farga. Galmi, wadda ke gabas da Birnin Ƙonni, ba ta da nisa da Illela, kuma albasarta ta yi suna daga Abidjan har Akra. A 'yan shekarun nan Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Rajistar tana zuwa da sharuɗɗa: irin da za a shuka, yankin da za a noma, yadda za a adana. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma an daɗe ana tattauna daftarin doka irin wannan a Abuja, amma ba abin da ya hana ƙungiyoyin manoman albasa da tafarnuwa su yi rajistar tambarin haɗin gwiwa, su tsayar da ma'auni ɗaya da buhu mai shaida. Wannan ya haɗa da gyaran ajiya, domin ƙiyasin da masu harkar ke yawan ambata shi ne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin albasa na ruɓewa tsakanin gona da kasuwa. Rudun gargajiya da aka gyara masa shigar iska zai ba manomi damar jira har farashi ya tashi, maimakon zubar da kaya a watan Maris lokacin da kowa ke girbi.

Masu ja da wannan magana

Masu gine-gine da 'yan kasuwar filaye suna cewa jama'a na ƙaruwa, dole a sami wurin kwana. Gaskiya ne, ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum kusan miliyan 3.7, yau kuwa an wuce nan nesa. Amma yawan jama'a hujja ce ta tsare fadama, domin bakin da zai ci shi ma ƙaruwa yake yi. Sakkwato ba tsibiri ba ce: tudu ya miƙa kudu da gabas, wajen Dange da Shuni da Bodinga, inda za a iya yanka filaye a kai hanya da ruwa. Fadama kuwa siririn zare ce a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ba a kuma ƙirƙirar wata.

Injiniyoyi da jami'an noma kan ce wannan begen jiya ne, jigo da jar shinkafa ba za su ciyar da mutanen yau ba. Da gaskiyarsu a rabin maganar. Ba wanda ke neman a rushe Goronyo ko a ajiye inji a koma guga. Abin da ake nema shi ne a sarrafa madatsa da sanin cewa akwai masu haƙƙi a ƙasanta, a kuma adana tsofaffin irin shinkafa masu jure zurfin ruwa, domin shekarar babbar ambaliya irin ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, gajeren iri na zamani shi ke fara nutsewa. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa daga 2014, wanda ya shafi Bakolori da Rima ta Tsakiya, ya kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wannan tushe ne mai kyau, saura a faɗaɗa shi ya haɗa da masunta da makiyaya da manoman da ke wajen magudanan gwamnati.

Hujja mafi nauyi ita ce ta manomin kansa: wanda 'yan bindiga suka hana zuwa gona a Goronyo ko Rabah ko Sabon Birni, wanda bai manta da kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba, ina ruwansa da zancen gado? Tsaro shi ne farko, ba ja a kan haka. Amma kada a manta cewa rikicin da ya zama gobara a Arewa maso Yamma yana da saiwa a rigimar gona da burtali da mashaya. Fadamar da aka shata wa manomi nasa, makiyayi hanyarsa zuwa ruwa, masunci tafkinsa, ita kanta aikin tsaro ce. Talaucin manomi kuma shi ne dalilin da ya sa ba za a ɗora masa nauyin shi kaɗai ba. Mutanen Piko ba wa'azi aka yi musu suka koma gona ba, biyansu aka yi, kasuwa kuma ta saka musu.

Abin da ya rage a yi

Kayan aikin duk suna nan a gida. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da gonar bincike a fadamar Kwalkwalawa da cibiyar binciken makamashi. Za ta iya auna zurfin ruwan rijiyoyi duk shekara ta bayyana wa jama'a, ta kuma tattara tsofaffin iri. Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu za ta iya rubuta ilimin tsofaffin manoma da sarakunan ruwa tun suna raye. Hukumar kogunan za ta iya fitar da jadawalin sakin ruwa kafin kowane rani, a karanta shi a rediyo da Hausa, bayan an zauna da wakilan Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa, ya dace a karkata rabon jihar daga cikinsa ga tare zaizaya a saman Goronyo. Majalisar dokokin jiha ta yi dokar da za ta ayyana fadamar da ke kewaye da birnin a matsayin hurumi, a kafa alamun iyaka, a daina ba da takardar gini a cikinta, a kuma taimaka wa magadan da ke son riƙe gona maimakon sayarwa. Majalisar Sarkin Musulmi da hakimai da limamai su ne za su sa dokar ta zauna a zukata, domin a littattafan magabatansu asalinta yake.

Kira na ƙarshe ga mutumin gari ne, wanda ke ganin zancen fadama na ƙauyawa ne. Ruwan da kake sha da miyar da kake ci daga wannan kwari suke fitowa. Idan an zo maka da tayin fili mai araha a bakin gulbi, ka ƙi saya. Idan 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, ka tambaye su ranar da za a shata iyakar fadama da ranar da za a kwashe yashin Goronyo. Waɗanda suka kafa Sakkwato sun bar mana ƙasar da ta ciyar da birnin fiye da shekara 200, haƙƙi ne a kanmu mu miƙa ta ga na baya tana noma.